Tafi Kafin Biro: Sati Biyar Da Yara Masu Koyon Waƙa A Tudun Wadan Zariya

Abin ya samo asali ne daga jarrabawar ƙarshen zango na uku. Ina koyar da Hausa a wata firamare a Tudun Wadan Zariya, aji biyar da aji shida, kuma a zangon mun yi darasin rubutacciyar waƙa yadda manhaja ta tsara, na cika allo da bayani, mene ne baiti, mene ne ɗango (layi ɗaya na baiti), mene ne amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen ɗangogi), ƙwar biyu ƙwar uku har zuwa ƙwar biyar (yawan ɗangogin da ke cikin baiti), yara suka kwafa tas suka haddace. Ranar jarrabawa tambayar "mene ne amsa-amo" kusan kowa ya cinye ta. Amma tambaya ta ƙarshe da nace kowa ya rubuto baiti ɗaya nasa na kansa a kan damina, wallahi da na zauna yin maki da daddare jikina sanyi ya yi, takarda bayan takarda fili ne fari fat. 'Yan kaɗan ɗin da suka taɓuka kuma, wani waƙar fim ya kwafo min, wasu suka rubuta "damina tana da amfani ga mutane da dabbobi" suka raba jimlar gida biyu, a ganinsu shikenan an yi baiti.

Kwana biyu bayan nan an fita tara ina zaune a baranda, sai ga 'yan matan ajin nawa, su ɗin dai da suka bar min takarda fara, sun yi da'ira suna gaɗa. Ɗaya na bayarwa sauran na amshi, kuma na kasa kunne da kyau, wasu ɗangogin ba na gado ba ne, nan take take ƙirƙirarsu, har da takalmin ƙawarta da ya tsinke ta saka a ciki, kuma ko sau ɗaya maganar ba ta sauka daga kan tafin ba. Yarinyar nan sifili na ba ta a tambayar ƙarshe. Abin ya tsaya min a rai sosai, don a gabana ga kari, wato ma'aunin da waƙa ke tafiya a kai, ga amsa-amo ga amshi duk suna aiki a bakinta da tafin hannunta, ni kuma na shafe sati uku ina koya mata sunayensu a allo ban taɓa ce mata ai abin da kike yi a filin nan shi ne ba.

To da aka yi dogon hutu sai na roƙi hedimasta ya ara min aji ɗaya da inuwar darbejiyar da ke bayansa, na bi gida-gida na gaya wa iyaye zan yi lesin na Hausa kyauta, Litinin da Laraba da Alhamis, ƙarfe goma zuwa sha biyu na rana, don kar ya ci karo da Islamiyyar yamma. Yara 22 suka fara zuwa, mata 14 maza 8, daga shekara tara zuwa sha uku. Ba zan kama sunan kowa ba. Akwai guda uku da zan yawaita ambato, wata mai tallar gyaɗa da kullum sai an fara take shigowa da farantinta a ka, da wani yaro mai in'ina wanda shekara biyu ina koyar da shi ban taɓa jin ya ɗaga hannu ba, sai kuma ita mai bayar da gaɗar nan. Sharaɗi ɗaya na kafa wa kaina, sati ukun farko ba biro ba littafi, kuma ba zan furta kalmar baiti ko amsa-amo ba sai sun riga sun yi abin da bakinsu. Na kuma sa mana ranar gamawa, 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk shekara tun 2015, don yaro in ya san akwai ranar da za a zo a saurare shi ya fi dagewa.

Wasan farko da ƙwallon tsumma muka yi shi. A yi da'ira, in faɗi kalma in jefa wa wani, shi kuma ya kawo kalmar da ƙarshenta ya yi daidai da tawa kafin a tafa sau uku, in ya kasa ya shiga tsakiya ya tsuguna. Nace biri, aka ce shiri, aka ce gishiri, sauri, tauri, ƙwari, wuri, wani ya ce "fari" wata ta ce "ɗari", haka ƙwallo ke ta yawo ana shewa. Cikin kwana biyu sun gano wata dabara, wai kalmomin da ke ƙarewa da "wa" ba sa ƙarewa, zuwa, dawowa, kamawa, zubarwa, faɗuwa, duk aikatau ɗin da ka kamo sai ka liƙa masa wa ka tsira. Na ji daɗin wayon don shi kansa ilimin nahawu ne suka tono da kansu, amma fa ragwanci yake kawowa, sai na hana "wa" da "na" na yini guda, nan aka ga gumi, da aka zo kan "ɗa" bayan gyaɗa da faɗa da gaɗa da haɗa sai da'ira ta yi tsit, can mai in'ina ya ce "mur... murɗa", aka yi ta ihu ana tafa masa.

A satin ne kuma aka samu matsala ta farko, kuma ni ce ban hango ta ba. Da na ce a fara haɗa jimla biyu masu ƙarshe iri ɗaya, maza suka mayar da abin zambo. Wani ya yi wa wani yaro ɗan ƙarami ɗango biyu a kan girman kansa, kuma tsakani da Allah ɗangon ya zauna, ya hau tafi, shi ya sa nan da nan kowa ya ɗauka ana ta maimaitawa, yaron ya fashe da kuka ya fita bai dawo ba sai bayan kwana huɗu da na je gidansu na ba mamansa haƙuri. Abin da na lura shi ne zambo da habaici su ne suka fi saurin zuwa bakin yaro, don su yake ji a unguwa, a gidan biki, a wayar yayyensa. Hana shi kwata-kwata kashe wutar wasan ne. Sai muka yi doka tare, zambo ya halatta amma ga sauro da ɓera da kuɗin cizo da yunwa da ɗaukewar wuta kawai, duk abin da ke da uwa da uba a unguwar nan ba a taɓa shi. Har muka gama dokar ta riƙe, sau ɗaya kawai aka karya.

Sati na biyu muka shiga kari, kuma nan ne abin ya fi min daɗi. Ranar wata Laraba hadari ya haɗo muna ƙarƙashin darbejiya muka ruga aji, nace to ga abin waƙa ya kawo kansa, kowa ya faɗi abin da ke faruwa a gidansu yanzu haka. Aka yi ta jefowa, shanya, kaji, akuya, kwano a ƙarƙashin indararo, muka zaɓi ƙarshen "ri" tunda sun saba da shi, mata suna riƙe da tafi maza na buga benci a hankali, duk ɗangon da aka kawo sai a ɗora shi a kan tafin a ji ko zai zauna. Ga abin da ya fara fitowa:

Hadari ya taso da sauri,
Inna tana ta kwashe gari,
Akuya na ta neman wuri,
Mu ko wankan ruwa muke buri.

Ni a kunnena ya yi. Amma mai gyaɗa, wadda ko sunanta da ƙyar take rubutawa, ta ce "Malama na ukun nan ɗingishi yake." Nace ta ina? Ta ce ita dai ba ta sani ba amma in an zo ƙarshensa hannunta na rigan bakinta. Aka sake rerawa sau uku, sauran matan ma suka ce ƙwarai akwai rami a wajen. Sai da na natsu na gane me take ji. Sauri, gari na tuwo, buri, duk gaɓar farkonsu mai nauyi ce, ana jan ta, shi kuwa wuri "wu" ɗinsa gajere ne, ƙarshen dai ya dace da sauran amma nauyin bai kai ba. Abin da ni sai da na je kwalejin ilimi aka koya min da alamomi a allo, yarinyar nan da tafin hannunta ta kamo shi. Muka shiga neman madadi, aka kawo wannan aka yar, aka kawo wancan, daga ƙarshe wani yaro ya ce akuyarsu in ta ji iska tsinke igiya take yi, sai aka samu "Akuyarmu ta kwance ɗauri", aka ɗora a tafi ya zauna daram. Ba zan ce baitin ya hau ma'aunin aruli, ilimin auna karin waƙa, ɗari bisa ɗari ba, amma ya hau tafi, kuma a wannan matakin shi nake nema.

Daga nan na fahimci wani abu da ya daɗe yana cutar yaran nan ba tare da mun lura ba. Rubutun boko da muke koya musu ba ya nuna dogon wasali da gajere. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, baƙi na launi da baƙi da suka zo daga tafiya ɗaya, ɗari na lissafi da ɗari na hunturu ɗaya, dafa abinci da dafa kafaɗa ɗaya. Karin waƙar Hausa kuwa kacokan a kan wannan bambancin yake tafiya, gaɓa mai nauyi da marar nauyi. To yaron da ka ba shi takarda tun farko ka ce ya auna ɗango da ido, me zai gani? Ba abin da zai gani sai ƙirga baƙaƙe. A ajami ma abin ya fi sauƙi, don can ana sa alif ko wawu ko ya a nuna ja. Wannan ne ya tuna min ai duk yaran nan 'yan Islamiyya ne, sun san madda a tajwidi, sun san inda malam ke cewa "ja nan". Da na ce musu gaɓa mai nauyi ita ce wadda ake ja kamar madda, ko wadda ta ƙare da baƙi mai ɗauri kamar "tsun" na tsuntsu ko "ran" na makaranta, sai na ga kawuna na gyaɗawa, abin da na kasa fahimtar da su a zango guda ya shiga a minti goma.

Sai muka mayar da shi wasa. Kowa ya tsinto marafan kwalbar lemo, ni kuma na zo da gwangwanin wake. Marfi gaɓa mai nauyi, ƙwayar wake marar nauyi. In faɗi kalma su jera ta a ƙasa. Kaza marfi biyu. Ruwa wake ɗaya marfi ɗaya. Akuya wake biyu marfi ɗaya. Damina marfi, wake, marfi. Tattabara ta ba su wuya, aka yi ta musu har sai da aka rera ta a hankali aka samu marfi, wake biyu, marfi. Maza da zama ke gundurarsu na fitar da su fili, mai nauyi tsalle da ƙafa biyu, marar nauyi ɗan taku, mutum ya "taka" sunan unguwarsu sauran su canka, Gyallesu ce ko Tudun Jukun ko Kongo. A nan na ba su labarin da ake bayarwa na Khalilu ɗan Ahmad, malamin Basra da ya tsara ilimin aruli, wai a kasuwar maƙera ya ji yadda guduma ke sauka a kan tagulla tunanin ma'aunin waƙa ya zo masa. Wani ya ce to ai mu ma akwai maƙera a bayan layinmu, nace to je ka saurara ka zo mana da abin da gudumarsu ke cewa. Ya kuwa je.

Sati na uku na ga sun iya ƙarshe sun fara jin kari amma abin da suke faɗa bai wuce "na tashi na yi wanka na tafi makaranta" ba. Sai na ɗauko kacici-kacici. Muka fara da na gado, ƙulin ƙulifita, baba na ɗaka gemu na waje, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, wanda ya kasa ya ba da gari. Sannan na tambaye su, wanda ya fara kallon tsintsiya ya ga garken shanu a ɗaure, me ya yi? Wata ta ce ƙarya ya yi, wani ya ce a'a kama ya gani. Nace to yau kowa zai nemo kamar wani abu da kakanninmu ba su sani ba, waya, fanka, keke napep, janareta. Nan fa aka sha dariya, amma a cikin shirmen aka samu zinariya. Wani ya ce "ƙaton gidanmu sai ya sha yake magana, in ya fara magana ba mai jin ta wani", janareta kenan. Wata ta ce "tana ta rawa tun safe ba ta bar inda take ba", fanka. Ban ce musu wannan shi ake kira siffantawa ko mutuntarwa ba sai a sati na biyar, kuma da na faɗa ba wanda ya sha wuya, suna ne kawai aka raɗa wa yaron da suka riga suka goya.

Daga kacici-kacici muka gangara kirari, tunda sun san Kano tumbin giwa, sun san Katsina ɗakin kara. Kowa ya zaɓi abin da zai wasa. A nan ne mai in'ina ya ba ni mamakin da har yau in na tuna sai na ji ƙwalla. Yaron da kafin ya ce "Malama ina kwana" sai ya yi ta fama yana runtse ido, da aka ba shi tafi ya miƙe ya ɗaga hannu sama irin na 'yan dambe ya ce:

Sauro likitan dare,
Mai allura ba a yanki kati ba,
Mai kiɗa ba a gayyace ka ba,
Kowa ya tafa maka kansa ya mara!

Ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. An daɗe da sanin cewa masu in'ina da yawa in suna rera abu ko suna bin kiɗa maganarsu na saki, amma ji daban gani daban. Ajin ya yi shiru na ɗan lokaci sannan aka ɓarke da sowa. Tun daga ranar in zai amsa tambaya sai in ga yana ɗan buga cinyarsa da yatsa a hankali, ya samo wa kansa sanda.

Ana cikin haka mai bayar da gaɗa ta daina zuwa. Ƙaninta ya ce Baba ne ya hana. Na bari sai bayan la'asar na je gidan, na gaisa da mamanta a ciki, ta ce ita ba ta da ta cewa sai dai in ga mai gidan, aka yi min iso na same shi a zaure a kan buzu, dattijo ne mai mutunci, na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce "Malama, an ce min lesin Hausa ne, sai na ji yarinya na ta waƙe-waƙe a tsakar gida tana cewa ke kika sa su. Mu gidan nan ba mu gaji roƙo ba." Na san wannan maganar ba tasa ba ce shi kaɗai, a ƙasar Hausa da yawa in an ce waƙa abin da ke zuwa ran mutum shi ne maroƙi da kalangu a gidan biki, ko kuma rawar da ake gani a waya yanzu, kuma uba na da hakkin ya ji tsoron hakan wa 'yarsa.

Nace Allah ya ƙara maka lafiya Baba, ba zan musa maka ba, amma ka ba ni izini in faɗi irin waƙar da nake nufi. Na kawo masa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara addini, tana rubutawa da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajinta na 'Yan Taru su haddace su kai ƙauyuka. Na kawo masa na gida, Malam Aliyu Namangi na nan Zariya, makaho ne tun yana yaro, a ka yake tsara Imfiraji wasu su rubuta, kuma masana sun ce karin da ya ɗora ta a kai daga kiɗan caji ya ɗauko shi ya mayar da shi wa'azi. Dattijon ya yi murmushi ya ce ai shi da kansa ya haddace wasu baitocin tun yana yaro a bakin makafi masu bara. Ya yi shiru can ya ce to ta koma, ta rubuta abin da za ta rubuta, amma ba zai yarda ta tsaya gaban maza tana rerawa ba ranar taron. Na so in ƙara roƙo, na ga idan na matsa zan rasa duka, nace na gode Baba. Har yanzu abin na min ciwo, don duk cikinsu ba mai muryarta, amma alkawarin da na ɗauka na cika shi.

Sai a sati na huɗu biro ya fito, kuma nan ne wasa ya so ya mutu. Da na raba littafi mai fale arba'in arba'in, sai na ga kafaɗu sun sauka, fuskokin jarrabawa sun dawo, yaron da jiya yake zuba kirari yau ya kifa kai yana tauna murfin biro. Tsoron jan biro ne, shekara biyar ana zagaye musu kuskure da ja. Abu biyu na yi. Na farko na ajiye jan birona a gida na gaya musu littafin nan ba mai yi masa maki. Na biyu na haɗa su bibbiyu, mai baki da mai biro, ɗaya ya rera ɗaya ya rubuta, sannan mai biro ya karanta abin da ya rubuta a kan tafi, in ya yi ɗingishi su gyara tare, gobe a yi musanya. Na ce musu Malam Aliyu Namangi ma haka ya yi, ba abin kunya ba ne wani ya riƙe maka alƙalami. Gyaran ƙa'idar rubutu, raba kalma da haɗe ta, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, duk na bar shi sai ranar Alhamis, shi ma a allo muke yi gaba ɗaya ba tare da an ce kuskuren wane ne ba. Na kuma riƙa ɗaukar muryarsu a wayata in kunna musu, yaro in ya ji kansa da kunnensa shi ke fara cewa "a'a nan bai yi ba" kafin in buɗe baki.

Ranar 26 ga Agusta iyaye mata sun fi zuwa, maza 'yan kaɗan, da hedimasta da malamai biyu. Cikin 22 da muka fara da su 17 ne suka kai ƙarshe, biyu an tafi da su ƙauye aikin gona, sauran ukun sun zame ne a satin da aka fara rubutu, kuma wannan ya nuna min tsallakawa daga baki zuwa takarda har yanzu ban gama gano kanta ba. A cikin 17 ɗin kowa yana da aƙalla baiti biyu nasa a littafi. Guda shida sun yi waƙa mai baiti biyar ko fiye da amsa-amo ɗaya tun daga sama har ƙasa, ɗaya ma ta gwada ƙwar biyar a kan dutsen Kufena, ɗango huɗu ƙarshensu ɗaya na biyar ya koma babban amsa-amo, ba wanda ya sa ta, a wani tsohon littafin yayarta ta ga tsarin. Sauran kam kari na zamewa nan da can, wasu kuma don neman ƙarshe ya dace sai su cusa kalmar da ba ta da alaƙa da maganar, wannan ciwon sati biyar ba ya warkar da shi. Waƙar mai bayar da gaɗa a kan kakarta ce, ƙawarta ce ta rera, ita tana zaune cikin mata kusa da mamanta, ina kallon leɓenta na motsi tana bin kowane ɗango.

Da aka koma makaranta na sake ba aji shida tambayar nan ta damina ba tare da na sanar ba. 'Yan lesin duk sun rubuta wani abu, kuma tun kafin su rubuta sai ka ga hannu na ɗan bubbuga benci. Sauran ajin kuwa kusan yadda na bar su. Kuma gaskiya abin da ya yiwu da yara 22 a inuwar bishiya da awa biyu, ba haka yake ba a aji mai yara sama da 70 da minti 35, ga malamin ajin kusa na aiko a rage tafi. Abin da na samu zuwa yanzu shi ne hedimasta ya ba ni darasin ƙarshe na ranar Alhamis a waje, na raba ajin gida bakwai na sa 'yan lesin su ja ragamar kowane rukuni, mai in'ina ma yana da nasa.

Mai gyaɗa ita kaɗai ce har muka gama ba ta yarda ta zama mai biro ba, kullum ita ce baki. Sati biyu da komawa makaranta, an tashi ina haɗa littattafai ta shigo ta ajiye farantinta a bakin ƙofa, ta ciro littafin nan duk ya yi maiƙo, ta ce "Malama, ɗa ɗin gyaɗa, ƙugiyarsa gaba take kallo ko baya?" Na nuna mata a allo. Ta zauna a benci na ƙarshe ta fi rabin awa tana gogewa tana sakewa, ni kuma na ƙi tafiya, sannan ta kawo min. Kalmomin duk a manne suke da juna, sai da ta rera min na iya raba su:

Na ɗauko farantin gyaɗa,
Ga ƙawayena can suna gaɗa,
In na tsaya za a yi min faɗa,
Cinikin Inna nake so in haɗa.

Na ce ta bar min littafin in kwafa, ta ce a'a gobe za ta kawo, akwai baiti na biyu da bai gama zama ba. Ta ɗora farantinta ta fita, saura gwangwani huɗu ba ta sayar ba.